Inci 16 da takardar gwamnati: muhawara kan gajerar bindiga a zauren 'yan uwa

Baban Hanif (Houston): Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma don Allah a bari in kai aya kafin a fara mini wa'azi. Watan jiya wani abokin aikina a gareji, Bature ne haifaffen nan Texas, ya ja ni filin koyon harbi. Ya miƙo mini wata 'yar bindiga wadda ake dafawa a kafaɗa kamar doguwa, amma harsashin fistol take ci, mai milimita 9, kuma bututunta da kaɗan ya wuce taƙi ɗaya. Ba ta dukan kafaɗa, ba ta da nauyi, ni da ban iya harbi ba sai ga shi ina samun tsakiyar takarda. Ya ce da hannunsa ya harhaɗa ta a gida, sassa ya saya ɗaya bayan ɗaya. To ni makanike ne, shekara 14 ina kwance injin tirela ina mayarwa, ban ga abin da zai gagare ni a ciki ba. Tambayata ita ce, doka ta yarda in yi irin tasa? Girin kad gare ni, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna.

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam Baban Hanif. Kafin kowa ya sa baki, ga sharaɗi: ba za a koyar da yadda ake ƙera ko harhaɗa makami a nan ba, ba hoto, ba jerin sassa, ba adireshin mai sayarwa. Muna da mutane a Kano da Maraɗi da Kumasi, kuma abin da yake halas a Texas ɗauri ne a can. Wanda ya saka irin wannan zan goge ba tare da sallama ba. Maganar doka da tarihi da ra'ayi kuwa, bismillah.

Kawu na Chicago: Ɗana, duk kasuwancin da ke Amurka ba ka ga na yi ba sai ƙirar bindiga? Ubanka maƙeri ne?

Baban Hanif (Houston): Kawu ai na roƙi a jinkirta wa'azin.

Tsohon Soja (Killeen): Ƙanena, amsar a taƙaice ita ce e, ana yi, amma sai an nemi izini kafin a taɓa komai, ba bayan an gama ba. Bari in warware maka, don mafi yawan waɗanda suka shiga uku a kan wannan abu ba mugaye ba ne, jerin matakan suka juya.

Dokar tarayya da ke riƙe da wannan ita ce dokar makamai ta ƙasa, wadda ake kira NFA, ta 1934. A ƙarƙashinta, duk bindigar da aka yi don a dafa a kafaɗa (ban da ta farauta mai watsa harsashi, ita awonta daban), in bututunta bai kai inci 16 ba, ko kuma tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ta fita daga sahun bindigogin da kake shiga kanti ka saya. Ta koma wani aji da suke kira SBR, wato bindigar kafaɗa mai gajeren bututu, aji ɗaya a rajista da abin rage ƙara da gajerar bindigar farauta. Doka ba ruwanta da irin harsashin da take ci. Ko na fistol ne, ko ɗan ƙaramin nan da yara ke koyon harbi da shi, awo kawai ake dubawa.

Mai son haɗa irinta da kansa sai ya cike fom na 1 na ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ya aika da hoto da zanen yatsu, a bincike shi, ya zauna ya jira. Sai takardar amincewa ta iso hannunsa kafin ya haɗa gajeren bututu da madogarar kafaɗa wuri ɗaya. Bayan haka dole a zana sunansa da garinsa da jiharsa a jikin ƙarfen, don a idon doka shi ne maƙerin. In kuma zai ƙetara da ita wata jiha, akwai wani izinin daban da zai nema tun kafin ya tashi. Wanda ya tsallake wannan, hukuncinsa yana kaiwa shekara 10 a kurkukun tarayya. Abokin aikinka in mutumin kirki ne, ka tambaye shi takardarsa, zai nuna maka da alfahari, irinsu ba sa rabuwa da kwafinta.

Ɗan Zango (Bronx): Ku mutanen Texas kuna shan daɗi. Mu nan New York ko ka cike fom ɗari, jiha ta haramta gajerar gaba ɗaya. Haka New Jersey da ke maƙwabtaka da mu. Izinin tarayya ba ya goge dokar jiha. Kada wani ɗan uwa a nan ya karanta bayanin Soja ya ɗauka da shi ake.

Tsohon Soja (Killeen): Gaskiyarka Ɗan Zango, na manta ban faɗa ba. Kuma akwai harajin dala 200 a kan kowace ɗaya.

Malamar Lissafi (Columbus): Yaya Soja, wannan harajin ya tafi. Babbar dokar kasafin nan da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da shi sifili a kan gajerun bindigogi da abin rage ƙara, daga 1 ga Janairun 2026. Amma kuɗin kawai aka cire. Rajista da zanen yatsu da jiran amincewa duk suna nan. Mutane da yawa sun ji "an soke haraji" sun fassara shi da "an soke doka", kuma wannan fassarar ce za ta kai wasu gidan yari.

Tsohon Soja (Killeen): Na karɓi gyara, Malama. Ni na biya nawa tun da daɗewa, har yanzu abin yana mini ciwo, shi ya sa ban manta da shi ba.

Kawu na Chicago: To ni ku fahimtar da ni. Fistol da ake sokewa a ƙugu, kowa ya saya. Doguwar bindiga mai kashe barewa daga nesa, kowa ya saya. Amma wadda take tsakaninsu, ba ta ɓoyuwa kamar ta farko, ba ta da ƙarfin ta biyu, ita ce abin tsoro? Wane irin lissafi ne wannan?

Malamar Lissafi (Columbus): Kawu ka taɓo inda abin yake, kuma amsar a garinku take. Dokar ta fito ne daga zamanin da aka haramta giya a Amurka, lokacin da 'yan daba irin su Al Capone ke ɓarin wuta a titunan Chicago. Kisan mutum bakwai da aka yi a wani gareji ranar 14 ga Fabrairun 1929 yana cikin abubuwan da suka tayar da hankalin jama'a. Gwamnatin Shugaba Roosevelt tana shakkar ko tsarin mulki zai bar ta ta haramta makami kai tsaye, sai ta biyo ta hanyar haraji. Dala 200 a 1934 ta haura dala 4,000 a kuɗin yau, wato kusan kuɗin ita kanta bindigar Thompson, wadda 'yan daban ke riƙewa, a lokacin. Talaka ba zai iya ba, an hana shi ke nan ba tare da an ce an hana ba.

Abin da ya haifar da ruɗanin da kake gani shi ne, daftarin farko har da fistol a ciki. Masu rubuta shi suka ce, in mun ƙuntata fistol, wani zai sayi doguwa ya datse ta ta koma kamar fistol, don haka mu toshe wannan ƙofa. Da aka je majalisa aka yi ta ja-in-ja, sai aka cire fistol daga dokar, aka bar toshiyar. An rushe ɗakin, an bar ƙyauren a tsaye. Shekara 90 ke nan ana gadin ƙyauren.

Ko inci 16 ɗin ma ba daga sama ya sauko ba. Da farko inci 18 ne, a 1960 majalisa ta rage shi ga irin waɗannan bindigogi. Ta farauta mai watsa harsashi ita har yau tana kan 18.

Likitar Dare (Baltimore): Malama, na ji tarihin kuma ban musa ba, amma ban yarda da cewa ƙyaure ne kawai ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, aikin dare nake yi shekara 9. Abin da ke sa harsashi ya sami mutum ba ƙarfinsa kaɗai ba ne, har da yadda mai harbin ya iya saita shi. Baban Hanif da bakinsa ya ce bai iya harbi ba amma yana samun tsakiya. To wannan sauƙin da ya burge shi, shi ne dai sauƙin da mugu zai samu, a cikin abin da zai shige jakar goyo. Wanda ya kashe mutum 9 a garin Dayton a 2019 da wanda ya kashe 10 a wani kanti a garin Boulder a 2021, dukansu gajerun makamai suka riƙe masu maɗaurin hannu a baya. Ba zan ce dokar tana da tsari ba, amma ba a banza ake tsoron wannan girman ba.

Tsohon Soja (Killeen): Hajiya, waɗancan biyun harsashin doguwar bindiga suke ci, ba na fistol ba, bambancin ɓarnar kuwa ke kin fi ni sani. Kuma ki duba alƙaluman FBI na kowace shekara, kisan da ake yi da fistol ya ninka wanda ake yi da dogayen bindigogi duka jimillarsu sau da yawa. Mutumin da ya aika wa gwamnati hotonsa da yatsunsa ya jira izini ba shi ne ke cika miki gadaje ba.

Likitar Dare (Baltimore): Ba shi ba ne, na yarda. Amma ka san wa ke cika su? A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Ba 'yan fashi ba, masu gida ne da 'ya'yansu, da makamin da aka saya don tsaron gida. Mu Hausawa ba ma son wannan zance, muna cewa Musulmi ba ya yi. Na ga abin da na gani. Mutum yana cikin baƙin ciki na minti goma, in abin yana cikin durowa, shi ke nan. Baban Hanif, shekarun Hanif nawa?

Baban Hanif (Houston): Bakwai, Hajiya. Ƙanwarsa huɗu.

Likitar Dare (Baltimore): To kafin ka yi tunanin bututu, yi tunanin akwatin ƙarfe mai makulli. Yaro ɗan shekara bakwai ya san duk inda kake ɓoye abu a gidan nan, har inda kai ka manta.

Sabon Zuwa (Dallas): Ni fa ban gane abin da ya sa ake wahala ba. Wani ya ce mini in ka sa maɗaurin hannu maimakon madogarar kafaɗa, fistol ce a doka, ba fom ba jira. Ba shi ke nan ba?

Tsohon Soja (Killeen): Wannan ita ce rigimar da ta fi kowace cin mutane. Maɗaurin nan wani tsohon soja mai suna Alex Bosco ya ƙirƙiro shi a 2012, don abokinsa da ya nakasa ya iya riƙe babbar fistol da hannu ɗaya, ana ɗaure shi a damtse. ATF ta ce ba laifi. Sai jama'a suka lura ai in ka dafa shi a kafaɗa ma yana aiki, aka sayi miliyoyi. Hukumar ta yi ta sauya baki, yau ta ce dafawa a kafaɗa ya mayar da ita gajerar bindiga, gobe ta janye. A Janairun 2023 ta fito da ƙa'ida cewa yawancinsu SBR ne, ta ba mutane kwana 120 su yi rajista ko su cire ko su miƙa. Aka garzaya kotu. A Yunin 2024 wani alƙalin tarayya a nan Texas, Reed O'Connor, ya soke ƙa'idar. Yanzu dai an koma gidan jiya, amma ka ga abin da ya sauya fuska sau da yawa cikin shekara goma sha biyu, ni ba zan jingina 'yancina a kansa ba, balle wanda takardunsa ba su gama nuna ba.

Mai Aikin Lauyoyi (Atlanta): Yawwa, nan nake jira a zo. Ni ba lauya ba ce, a ofishin lauyoyin shige da fice nake aiki, kuma abin da zan faɗa ba shawarar lauya ba ce, amma ku saurara.

Sabon Zuwa, wace irin biza gare ka? In ta karatu ce ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga ko harsashi, sai in ka faɗa cikin 'yan togaciya kaɗan, kamar mai lasisin farauta. Wanda kuma ba shi da takardu sam, ko riƙewa ya yi laifi ne. Mai girin kad kamar Baban Hanif ya halatta ya saya, ya halatta ya cike fom ɗin. Amma ga bambancinsa da abokin aikinsa: in Baturen nan ya yi kuskure, zai sha ɗauri ko tara, ya fito ya koma gidansa. In Baban Hanif ya yi kuskuren nan dai, dokar shige da fice ta sa laifin makami cikin dalilan da ake tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu, komai daɗewarsa, komai yawan 'ya'yansa 'yan ƙasa. Ba sai ya harbi kowa ba. Inci ɗaya a awo ya isa.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura. Ba sai an kama ka da ita a haɗe ba. In sassan da ke gidanka ba su da wata hanyar haɗuwa sai ta zama gajerar bindiga, mai gabatar da ƙara zai iya cewa ka riga ka mallake ta. Kotun Ƙoli ta taɓa wannan batu a shari'ar kamfanin Thompson/Center a 1992. Kamfanin ya yi nasara ne don kayan nasa ana iya haɗa su ta hanyar da doka ta yarda. Wato mai cewa bari in fara tara kaya kafin izini ya fito, yana wasa da wuta.

Sabon Zuwa (Dallas): Ta karatu ce, Anti. Na ma je filin harbi sau biyu da abokai.

Mai Aikin Lauyoyi (Atlanta): Kada ka sake zuwa sai ka zauna da lauya, kuma ka daina rubuta irin wannan a fili. Ka biyo ni ta akwatin saƙo in gaya maka irin lauyan da za ka nema.

Baban Hanif (Houston): Jikina ya yi sanyi. To in ya ba ni aron tasa in je gida da ita na mako guda fa, in ga ko ma ina so?

Tsohon Soja (Killeen): A'a! Harbawa a fili yana tsaye kusa da kai daban, ɗauka ka tafi da ita daban. Da sunansa aka yi rajista. Ranar da ta kwana gidanka ba shi, ku biyun kun karya doka.

Kawu na Chicago: Duk wannan a kan 'yan inci.

Malamar Lissafi (Columbus): Kawu, 'yan incin nan sun taɓa cin rayuka. Randy Weaver a jihar Idaho, a 1989 ya sayar wa wani ɗan leƙen asirin ATF bindigogin farauta biyu da aka datse. Aka tuhume shi, bai halarci kotu ba, jami'ai suka kewaye gidansa a kan dutse a Agustan 1992, wurin da ake kira Ruby Ridge. Aka kashe ɗansa mai shekara 14, aka kashe matarsa tana riƙe da jaririya, jami'i ɗaya ma ya mutu. Daga baya kotu ta wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen, gwamnati ta biya iyalin dala miliyan 3.1. Mutumin yana da aƙidar wariyar launin fata, ba gwanina ba ne, amma tun daga nan masu bindiga a ƙasar nan suke kallon hukumar da ido ɗaya.

Ɗan Gusau: Ina ta karatu tun ɗazu ina dariyar takaici. Ku kuna gardamar inci da fom da hoto. Mu nan wanda ya tare hanyar Dansadau bai cike fom ba, kuma ba ya auna bututu. AK-47 ce a kafaɗarsa, wani har da mai jigida. Manomin da zai kare gonarsa kuwa sai bindigar toka, harba-ka-ruga, wadda in ya harba sau ɗaya sai ya tsuguna ya ɗura. In maƙeri ya yi masa wadda ta ɗan fi wannan, a kama maƙerin a jera shi gaban 'yan jarida. A Yunin 2022 Gwamna Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Magana ta mutu a nan. Ku ku gode wa Allah, aƙalla kuna da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Mai Kula da Zaure: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ɗan Gusau. Amma don masu karatu daga gida: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba, kuma ko ta toka sai da lasisin 'yan sanda. Babu wani fom na 1 a can. Kada zancen Texas ya ruɗi kowa.

Likitar Dare (Baltimore): Ɗan uwa, ina jin zafin da kake ji, mahaifiyata 'yar Tsafe ce. Amma ka tuna 'yan sa-kai ma da sunan kare kai suka fara, kuma kowa ya san yadda ramuwar gayya ta mayar da rikicin. Ni da nake zaune a ƙasar da bindiga ta fi mutane yawa, ban ga ta kawo kwanciyar hankalin da kake hange ba. A makarantar 'yata ana koya wa yara yadda za su ɓuya a ƙarƙashin tebur su yi shiru.

Ɗan Gusau: Hajiya, naku suna koyon ɓuya, namu an kwashe su daga Jangebe cikin dare. Kowa da irin kukansa. Ban ce a raba wa kowa ba, na ce wanda aka bari ba kariya kada a zo ana yi masa lacca.

Kawu na Chicago: Ku sassauta. Duk ku biyun gaskiya kuke faɗa, kuma ba a zauren nan za a raba wannan gardama ba. Mu koma kan yaron nan kafin ya je ya jawo mana abin kunya.

Baban Hanif (Houston): Yaya Soja, tambaya ɗaya ta fasaha, ba ta ƙira ba, Mai Zaure ya yi haƙuri. In na sayi mai bututu inci 16 daga kanti, wadda ba ta bukatar duk wannan, me na rasa?

Tsohon Soja (Killeen): Kusan ba komai, kuma da wannan ka fara tambaya da mun huta. Harsashin milimita 9 tun farkon ƙarni na 20 Georg Luger ya tsara shi don fistol. Garin albarushin da ke cikinsa kaɗan ne kuma mai saurin ci, kafin ya yi nisa a bututu ya gama ƙonewa. Shi ya sa ƙarin tsawo ba ya ƙara masa gudu sosai, kuma rage tsawo ba ya rage masa sosai. Wannan ne dalilin da masu son gajerar ke kafa hujja da shi, suna cewa sauran incin nauyin banza ne. Bindigar MP5 ta Jamus, mai cin wannan harsashi, wadda duniya ta gani a hannun sojojin Ingila lokacin da suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan a 1980, bututunta bai cika inci 9 ba. Harsashin doguwar bindiga irin wanda muka riƙe a soja kuwa yana son tsawo, in ka gajarta sai ƙara da walƙiya su yi yawa, gudu ya faɗi.

Amma juya hujjar ka gani. In gajeren bai rasa komai ba, dogon ma bai rasa komai ba. Rashin dukan kafaɗa da sauƙin saiti da arhar harsashi, duk abin da ya burge ka, yana nan a mai inci 16. Abin da gajerar ta fi ta da shi shi ne sauƙin juyawa a lungu da shiga mota, kai kuma ba ƙofar kowa za ka fasa ba. Sauran duk kwalliya ce da son a ce ni na haɗa. Ban raina wannan ba, ni ma shi ya ja ni. Sai dai ni fasfo ɗina shuɗi ne, wato ɗan ƙasa ne ni.

Kuma kada makanikancinka ya yaudare ka. Injin da ka ɗaura ba daidai ba zai ƙi tashi ne. Wannan in ya ƙi, a gaban fuskarka zai ƙi. Na taɓa ganin wanda kwanson harsashi ya fashe masa tun bai gama shiga mazauninsa ba, a bindigar da ya haɗa da sassan kamfanoni daban-daban. Gilashin da ya sa ne ya cece idonsa.

Ɗan Zango (Bronx): Kuma wai ba an hana kayan haɗa bindiga a gida, waɗanda ba su da lambar shaida a jiki, ba?

Mai Aikin Lauyoyi (Atlanta): Ba hanawa aka yi ba a matakin tarayya. A Maris 2025 Kotun Ƙoli, alƙalai 7 da 2, ta tabbatar da ƙa'idar da ta ce irin waɗannan kaya a ɗauke su a matsayin bindiga, wato sai da lamba da binciken mai saye. Jihohi irin taku sun fi haka tsanani. Wannan wani babi ne daban da na gajeren bututu, amma mutum ɗaya yana iya faɗawa ramukan biyu a rana ɗaya.

Baban Hanif (Houston): To jama'a, na dawo. Jiya da dare na karanta wa Maman Hanif zaren nan tun daga sama. Da na zo kan maganar Anti ta Atlanta sai ta karɓe wayar ta sake karantawa da kanta. Hukuncin da aka yanke mini a gida shi ne: ba fom, ba sassa, ba komai sai na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, saura mini wata 8 in cika shekarun nema. Bayan nan ma akwatin ƙarfe ne zai fara shigowa, a kafe shi a ƙasa, kuma ita za ta riƙe lambar buɗe shi tare da ni. Maganar gajera ko doguwa ta ce a bar ta sai lokacin. Na tambayi abokin nawa takardarsa yau da safe, ya fito da ita daga jakar bindigar, a cikin leda. Ya ce wata bakwai ya jira a zamaninsa.

Kawu na Chicago: Allah ya yi wa Maman Hanif albarka. Ka gaishe ta, ka ce Kawu ya ce ta ƙara wata 8 a kai.

Tsohon Soja (Killeen): In ka samu Asabar ɗin da ba ka aiki, hau mota ka zo, tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna. Akwai fili kusa da mu, zan sa ka harba doguwar da gajerar a jere ka gaya mini bambancin da ka ji. Ka taho da girin kad ɗinka da lasisin tuƙi, suna tambaya a ƙofa.

Likitar Dare (Baltimore): Ya sa abin toshe kunne biyu, na ciki da na waje. Kuma ya wanke hannu da ruwan sanyi da sabulu kafin ya taɓa yaran, ƙurar dalma ce a jikin abin nan.